Guron Iri a Tsakar Gidanmu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da yake fitar da ɗanyen tsiro daga busasshiyar ƙasa, ya kuma busar da shi sa'ad da ya so, ba mai tambayarsa dalili.

Ni mutumin Sabon Birni ne. A nan aka binne cibiyata, a nan na yi karatun allo, na kuma gaji buzun mahaifina ina karantar da yaran unguwa a tsakar gidanmu. Amma karantarwa ba ta taɓa ciyar da mu ba. Gona ce take ciyar da mu. Tana can kan hanyar Kurawa, jigawa ce mai son hatsi, wato gero, da ɗan kwari daga gabas inda dawa take yi.

Ba rana ɗaya muka rasa gonar ba. Da farko mutanen daji masu bindiga labari ne da ake kawowa daga nesa. Daga baya aka fara zuwa gona a ƙungiya, a dawo kafin rana ta take. Sai aka fara ɗaukar mutane a bakin aiki, wasu su dawo bayan an sayar da duk abin da gidansu ya mallaka, wasu shiru. Wata damina muka yi shuka, noman fari ya gagare mu. Na tuna na jingina hauyata a gindin gawo da niyyar in dawo washegari. Daminar da ta biyo ko shukar ba mu yi ba.

Mutane suka fara tashi. Wasu suka haye ƙasar Nijar, wasu suka yi Sakkwato. Yaran da nake karantarwa suka bi iyayensu, har ya zama 'yan kaɗan da suka rage zaure ya ishe su. Ni da maiɗakina muka ce ba za mu tashi ba. Shekaru sun ja, 'ya'yanmu mata suna ɗakunan mazajensu, kuma wanda ya tsufa a gidansa ba ya iya zaman raɓe.

Wata safiya ta bazara na sauko daga rumbu da damin hatsi, na tarar tana tsaye tana kallon fuskata.

"Malam, ina ya kai?"

"Ya kai inda Allah ya so."

"Wannan na sani. Ni gwiwa nake tambaya ko ƙugu."

Haka muke auna abin da ya rage, da jikin wanda ya shiga rumbun. Na ce mata gwiwa. Ta dubi tsakar gidan da ba kowa, sa'annan ta ce, "Abin ga ba na bana kaɗai ba ne. Wanda duk ya ce maka baɗi za a koma gona, yana yi maka daɗin baki ne. Za ni fasa tsakar gida in yi shuka."

Na ce, "Mi za ki shuka a nan? Hatsin da zai fito a tsakar gida ko kaji ba zai isa ba."

"Ba hatsi ba. Kayan miya. Wanda ake shanyawa a ajiye."

"Miya ai ba ta tsayuwa ba tuwo."

"Tuwo kaɗan da miya mai yawa ya fi tuwo kaɗan ba miya. Kuma rama da zogale in anka kwaɗa su, ciki ba ya tambayar ina tuwo."

Ban sake musu ba, don ban da wata dabarar da ta fi tata.

A nan sai in faɗi wani abu game da guronta. Guro shi ne abin da mutanen gabas suke kira kuɓewa. Maiɗakina 'yar wani ƙauye ce na ƙasar Isa, a bakin gulbi, kuma ranar da aka kawo ta, cikin kayan ɗakinta akwai wata 'yar gora cike da irin guro gauraye da toka, don kada ƙwari su ci. Mahaifiyarta ce ta sa mata. Guron gajere ne, mai kauri, ba shi da kyan gani a kasuwa. Amma idan aka yanka aka shanya ba ya ramewa kamar sauran, kuma ko ya shekara a tukunya, ɗan abin da yatsu uku suka ɗauka ya isa ya ɗaure miyar gida. Duk damina tana shuka shi a gefen gonata, ta cire iri ta mayar a gora. A kan wannan guron ta ɗora dukan lissafinta na zamanmu. Sauran ganye suna cika ciki na ɗan lokaci. Shi kuwa shi ne zai ja ɗan garin tuwon da muke da shi daga wannan damina zuwa waccan.

Muka fasa ƙasar. Wurin da ƙafafun yara suka yi shekara da shekaru suna dannewa ya yi tauri kamar daɓe, sai da muka jiƙa muka bari ya kwana. Muka kwashe takin awaki muka zuba. Inda ƙasa ba ta yi ba, ta cika tsofaffin buhuna da fasassun tukwane ta jera a gindin katanga. Ta shuka guro a tsakiya, inda rana ta fi zama, sa'annan sure, wato yakuwa, da rama, da tonka, wato barkono, da kabushi, wato kabewa, wanda ta ɗora yaɗonsa a kan rufin akurki. Zogale dama akwai biyu a bayan ɗaki.

Kafin ruwan sama ya zauna, rijiyar gidan ce ta riƙe mu, ita ma ba ta da yawa. Sai ta hana a zubar da ko wane ruwa a banza. Na wanke hatsi, na ɗauraye kwanoni in ba sabulu, duk gindin shuka. Ni ma ta matsar mini da dutsen da nake zama in yi alwala, ta kai shi bakin kunyar guro.

A haka taubashina ya same ni wata azahar. Ɗan gwaggona ne, kabu-kabu yake yi da babur, kuma tun muna yara bai taɓa barin kunnena ya huta ba. Ya tsaya a bakin zaure ya riƙe ƙugu.

"Assalamu alaikum, gidan sarkin lambu. Ashe ɗalibai sun canza. Allah ya sa waɗanga su fi na da hadda."

Na ce, "Sun fi ka dai. Su in anka ba su ruwa suna nuna alama. Kai kuwa babanmu ya ƙarar da tawada a kanka, ko baƙi ba ka haɗa ba."

"Ai shi ya sa nake da ƙiba. To ranar sauka a kira ni, ni za ni cinye ɗaliban."

Maiɗakina ta leƙo daga madafa ta ce, "Ka zo da garinka, miya kyauta ce."

Shekarar farko Allah ya ba da. Guron ya yi tsawon ƙirjin mutum, ya cika da fure. Da 'ya'yan farko suka fito, ta yaga wani tsohon zane ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi masu kauri na ƙasa-ƙasa ta ɗaura wa kowane ɗan tsumma. Haka ake yi a wajensu, haka ma a ƙauyukanmu. Guron da aka ɗaura wa tsumma na iri ne. Ana barinsa ya ƙosa ya bushe a jikin uwarsa, kuma ko yaro ya san ba a taɓa shi. Sauran ta dinga tsinka tana yankawa, tana shanyawa a kan tabarma a saman soro. Ta shanya sure da rama, ta fere kabushi ta rataye. Da kaka ta yi, tukwane suka cika ta liƙe bakinsu da laka, gorar iri ma ta cika, har ta ɗiba wa maƙwabta uku. Ranin nan hatsin da a da ba zai kai mu bazara ba ya kai mu. Na fara tunanin ko da gaske za a iya zama.

Shekara ta biyu ruwa ya sauko da wuri, aka yi murna, ta shuka. Tsiro ya fito, sai sama ta ɗauke. Rana ta buɗe, rijiya ta ja baya har guga yana kwaso laka. Muka yi iyakar yinmu, amma tsiron ya ƙone ya kwanta. Ta sake shukawa da wani yayyafi da ya yaudari kowa, shi ma ya bi na farko.

A wajen masu ajiyar iri ba a zazzage gora. Kome za a shuka, sai an bar wani abu a ciki saboda irin wannan rana. Da ruwa ya dawo da gaske, na same ta zaune a bakin ɗaki da gorar a cinyarta. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Ta riga ta zaga maƙwabtan da ta bai wa. Ta farko awaki sun cinye nata tun yana tsiro. Ta biyu sun kulle gida sun haye iyaka. Ta uku ta shuka nata duka da ruwan farko, fari ya ƙone shi kamar namu. Ƙauyen su maiɗakina kuwa a ranin nan aka tarwatsa shi. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, 'yan uwanta kowa ya kama gabansa, ba wanda ya san inda wani yake.

Ta ce, "Malam, in na raba shi biyu, abin da zai fito ba zai ba mu na shanya ba. In na zuba duka, gora ta zama wofi."

Na ce, "Ke kin fi ni sani."

"Ba sani nake nema ba. So nake mu zama mu biyu a ciki."

Na ce ta shuka, Allah yana nan. Ta yi bisimilla ta zazzage gorar. Daga ranar nan duk abin da ya rage na wannan guro a duniya, iyakar saninmu, yana tsaye ne a tsakar gidanmu.

Ya fito da kyau, kamar yana ba mu haƙuri. Ya yi fure, ya fara 'ya'ya. Ta ɗaura tsumma, wannan karon fiye da yadda ta saba.

A tsakiyar daminar ne mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari. Ba irin zuwan da muka saba gani ba, na gida ɗaya ko biyu. Gari guda zai taso da safe, mata da goyo, tsofaffi a kan jakuna, wasu ba ko takalmi. Suka cika makarantar firamare ta unguwarmu, da rumfunan kasuwa, da gidajen da ba a gama gini ba. Wanda ya fito da ɗan garin tuwo ko aka sammasa, yana da tuwo amma ba abin da zai haɗiye shi da shi.

Mu kuwa a ƙasar nan akwai abin da ba a hanawa. Ba a hana ruwan sha, ba a hana garwashin hura wuta, ba a hana kayan miya. Mace za ta yi sallama ta ce a ba ta na miya, sai a ce ta shiga ta tsinka. Ba bara ba ce, ba kuma bashi ba. Yau ke, gobe ni. Da wannan muka tashi. Yaɗon kabushinmu ya leƙa ta kan katanga, kowa ya ga akwai kore a gidan malam, sai sallama ta fara.

Cikin masu zuwa akwai wata tsohuwa daga ƙasar Kurawa, doguwa, mai kaifin baki, wadda take zaune a aji ɗaya da jikokinta. Ɗanta yana hannun mutanen daji tun kafin su taso. Ranar da ta fara shigowa ta tsaya a kan guron ta daɗe tana kallo.

Ta ce wa maiɗakina, "Ɗiyata, wanga ba guron Sabon Birni ba ne. Na bakin gulbi ne."

"Na gidanmu ne, Inna. Shi kaɗai ya rage."

"To Allah ya tsare. Ni za ni zama makiyayiyarsa."

Ta kuwa zama. Kullum da hantsi tana nan, ko ta tsinki nata ko ba ta tsinka ba. In wata yarinya ta kai hannu kusa da mai tsumma sai ta buge hannun. "Ke makauniya ce? Ba ki ga ɗauri ba? A gidanku uwarki cin iri take yi?" Matan su yi dariya, yarinyar ta ja baya da kunya. Ni ma ba ta ƙyale ni ba. In na zo alwala sai ta ce, "Malam, a dinga tsawaitawa, wanke uku-uku, guro na jin ƙishi."

Gaskiya ita ce ko ba ita ba wanda zai taɓa. Matan nan duk manoma ne, kowace ta bar tata gorar a wani ɗaki da ba za ta sake gani ba. Sun san abin da tsumma yake nufi fiye da mutanen gari.

Abin da ya rage a tukwane na bara shi ya fara ƙarewa. Sa'annan rama da sure, waɗanda aka bi har suka daina tofowa. Zogalen nan biyu aka mayar da su sanduna. Guron da ba a ɗaura wa kome ba aka dinga tsinkarsa tun yana kamar ɗan yatsa, daga baya tun furen bai gama faɗuwa ba. A shekarar ko tabarma ɗaya ba mu shanya ba. Maiɗakina ta ce ba kome, in dai iri ya tsira, baɗi ma rana ce.

Sai hanya ta rufe. Motocin Isa suka daina zuwa, na Sakkwato ma haka, kasuwa ta yi makonni ba ta ci ba. Taubashina ya jingine babur don ba mai. A lokacin ne aka koma wa ganyen guron.

Ganyen guro ana miya da shi, yana da yauƙi, kuma tsinkarsa ba laifi ba ne a wajen kowa. Ko a gona mace takan zagi na ƙasa ta kai gida, uwar ba ta ji ba. Al'ada ta ɗaura wa ɗa tsumma, amma ba ta taɓa ɗaura wa ganye ba, domin ba a taɓa yin shekarar da hannu ya yi wa ganye yawa haka ba. Kowace mace cikin tafi ɗaya take ɗiba, abin da ba wanda zai kira ɓarna. Amma tafin ba ya ƙirguwa.

Maiɗakina ta gane kafin kowa. Ta ce musu, "Don Allah ku bar na sama, shi ke shayar da 'ya'yan." Suka ce to, suka bari. Waɗanda suka zo da la'asar ba su ji ba, kuma abin da na safe suka bari shi ne ya zama na ƙasa a wajensu. Tsohuwar ma tana hana taɓa ɗa ne, ganye kuwa ita da kanta takan tsinka wa mai jego ta ƙulle mata a gefen zane.

Taubashina ya ce, "Ku rufe ƙofa mana. Ko gidan sarki yana da ƙyaure."

Na ce, "Ka taɓa ganin ƙofar ga a rufe da rana?"

"Ban taɓa ganin gari ba kasuwa ba, ga shi na gani. Rufe, malam. In kunya kake ji, ka ce ni na sa ka. Dama an san ban da ita."

Washegari bayan na dawo daga masallaci na ja ƙyauren zaure na sa sakata. Muka zauna a tsakar gida, ita tana tsince wani abu a faifai, ni ina riƙe da tasbaha. Da hantsi aka yi sallama. Muryar mace ce, ba ta tsohuwar ba, wata ce da ba mu sani ba. Ta yi ta farko, ta jira. Ta yi ta biyu. Muna jin yaro yana tari a bayanta. Amsa sallama wajibi ne, na kuwa san haka fiye da yadda na san sunana, amma in na amsa sai na buɗe. Ba ta buga ƙyauren ba. Ta yi ta uku a hankali, irin ta wanda ya riga ya juya.

Maiɗakina ta ajiye faifan. Ba ta dube ni ba, ta wuce ta zare sakatar, na ji tana cewa, "Wa alaikumus salam, yi haƙuri, muna bayan ɗaki ne. Shigo."

Ba mu sake rufewa ba, ba mu kuma sake maganar ba.

Kafin ruwa ya ɗauke guron ya zama tsirara. Kara ne tsaye, ba ganye ko ɗaya, sai 'ya'yan nan masu tsumma a manne. Ba a rasa ko ɗaya daga cikinsu ba. Karan suka fara bushewa daga sama tun lokacinsu bai yi ba, 'ya'yan ma suka bushe, suka yi launin ƙasa kamar yadda na iri yake yi. Wanda ya kalla daga nesa zai ce an dace. Tsohuwar ta ce, "Kin gani, ɗiyata? Na ce miki za ni tsare." Maiɗakina ta yi mata godiya.

Da kaka ta yanke su ta zuba a ƙwarya, ta zauna a inuwar katanga tana fasawa. Irin guro mai kyau baƙi-baƙi ne, mulmulalle, yana da nauyi, in ya zuba a ƙwarya ana jin ƙararsa. Wannan ya zubo ba ƙara. Fari-fari ne, a motse, wani in ka danna da farce sai ya lotse. Ta ɗebo ruwa ta zuba a kai, domin mai rai yana nutsewa. Muka sunkuya mu biyu muna kallo. Kusan duka suka taso suna yawo a sama. 'Yan ƙwayoyin da suka nutse ta tsince su, ta shuka a fasasshiyar tukunya a bakin rijiya, ta kewaye da ƙaya. Biyu suka fito, rawaya, siraran wuya. Ba su kai ga ganye na uku ba.

Tsohuwar ta zo ta ga tukunyar. Ta sunkuya ta taɓa busasshen tsiron da yatsa. Sa'annan ta ce, "Wallahi ba mu taɓa ko ɗaya ba."

"Na sani, Inna. Ba wanda ya taɓa."

"To mi ya faru?"

"Yunwa sunka ji, su ma."

Da rani hanya ta ɗan buɗe, ana bi a jere in rana ta ɗaga. Sai muka ji cewa matar wani ɗan baffanta, 'yar ƙauyensu, tana Isa a bayan kasuwa. Maiɗakina ta ce za ta je ta tambaya ko ta fito da iri. Taubashina ya ce, "Saboda guro za ku kai wuyanku? In anka ɗauke ku, ni mi za ni sayar in fanso ku, babur ba taya?" Amma shi ya samo mana wuri a motar wani abokinsa, ya kuma tsaya a tasha har muka tashi.

Na sha bin hanyar nan tun ina saurayi, na san garuruwanta kamar surorin da nake biyawa. Ranar nan kowa a motar leɓensa ne kawai yake motsi da addu'a. Gonaki sun koma sabara da ciyawa. Mun wuce wani ƙauye da na taɓa zuwa sunan jariri, rumbunansa a fashe, ba ko kaza. Direban bai rage gudu ba ko a rami.

Muka sami matar a wani shago da ba a sa wa ƙofa ba, an tare bakinsa da buhu. Suka rungumi juna suka yi kukan waɗanda suka mutu, suka lissafa waɗanda ba a san inda suke ba. Sai da aka natsa maiɗakina ta kawo maganar.

Matar ta dube ta, ta yi wata 'yar dariya. "Iri, Yaya? Ni da na fito da tulu a kai, don daga rijiya nake sa'ad da sunka shigo. Sai da na yi nisa na lura ina ɗauke da shi. Gorata tana rataye a ɗaki, ɗakin kuwa sun sa mai wuta."

"Ba wadda ta fito da shi? Ko matar liman? Ita ba ta wasa da iri."

"Matar liman ta rasu a hanya. Akwai wasu namu a wajen tasha, ki tambaya, amma kada ki sa rai."

Muka je wajen tasha. Suka tura mu wani gida kusa da makabarta, can ma suka tura mu gaba. Duk inda muka shiga sun san guron, har wata ta kwatanta kaurinsa da yatsunta tana murmushi. Ba wadda take da ƙwaya ɗaya. Da rana ta karkata muka koma kasuwa don kada mota ta bar mu. Wani mai sayar da magungunan feshi ya ba mu irin guro na cikin leda, mai hoto a jiki, rinanne da wani jan magani. Maiɗakina ta juya ledar a hannunta, ta ƙulle a bakin zane.

Mun shuka shi da damina. Ya fito da sauri, dogo, mai kyan gani, ɗanyensa ba laifi. Amma da aka shanya sai ya rame ya zama kamar ƙaiƙayi, cikin tafi guda ba ya ɗaure miyar mutum biyu, kuma kafin tsakiyar rani ƙwari sun mayar da shi gari. Masu sallama ba su ragu ba. Tsohuwar ba ta cikinsu, ta rasu da sanyin da ya wuce, ɗanta bai dawo ba. Bana ma ba wanda ya je gona ta wajenmu. Hatsin da muke ci yanzu surukanmu ne suke aikowa in hanya ta yi kyau, in ba ta yi ba mu jira.

Kwanan baya muna zaune ni da maiɗakina bayan la'asar, hadari yana haɗuwa ta gabas, irin wanda a da yake sa ta tashi ta hau gyaran kunya. Ba ta tashi ba. Ta ce, "Malam, ɗakin nan na gidan ƙanenka a Sakkwato, har yanzu ba kowa a ciki?"

Na ce ban sani ba, za ni tambaya.

Ban tambaya ba tukuna, amma za ni. Allah ya sa mu cika da imani, a nan ko a can.